Kwana Biyun da Gwangwanin Yaya Ya Yi a Sito

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Mamuda. Da na zauna zan rubuta wannan waiwaye, sai na ga ba zan iya yin irin wanda aka saba ba, a jero kyawawan halayen mamaci a rufe da addu'a. Halayen suna nan, addu'ar ma ban taɓa fasawa ba. Amma akwai wata magana da na danne a cikina duk tsawon shekarun nan, wadda ta shafi aikinsa da sunansa, kuma bana na ƙudura sai na faɗe ta a bainar jama'a, ko da masu ganin girmana a Suleja za su ragu.

Ni ce ƙanwarsa, Jummai, malamar firamare. Gida ɗaya muka zauna a unguwar Hashimi, gidan iyayenmu, shi da iyalinsa a sashen gaba, ni da 'ya'yana a na baya, inda na dawo bayan rasuwar maigidana. Shi ma'aikaci ne a wani ɗakin gwaje-gwaje na bincike a Abuja, ɗaya daga cikin mutanen garin nan da suke sammako su bi motar haya, su dawo da magariba a galabaice. Ba likita ba ne, kuma in ka kira shi dakta nan take zai gyara maka. Cewa yake yi shi mai awo ne kawai, bambancinsa da masu awon kasuwa shi ne abin da yake aunawa ido ba ya ganinsa.

Ciwon mahaifiyarmu ne ya sa shi a kan hanyar da ya bi. Inna ta yi shekaru tana fama da wani abu mai zuwa ya tafi. Tana zaune lafiya lau sai kanta ya sara, zufa ta karyo mata, zuciyarta ta riƙa bugawa har kana ganin rigarta tana motsi. Bayan ɗan lokaci ya sake ta, ta tashi ta ci gaba da tsintar shinkafarta. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi. A unguwa aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Sai a ƙarshe, da jiki ya riga ya ƙare, hoto ya nuna wani ɗan ƙari a saman ƙodarta. Likitan ya faɗa wa Yaya cewa da an gano shi da wuri, da aiki ɗaya ya isa a cire. Wannan maganar ba ta bar kunnensa ba har ya koma ga Allah.

Ga yadda ya yi mini bayani, ni da ilimina na kimiyya bai wuce na aji shida ba. Ya ce a jikin mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aiki biyu: suna karɓar saƙo irin na jijiya, sannan suna zuba sinadarai a cikin jini waɗanda ke ba zuciya da hanji da sauran gaɓoɓi umarni. In ƙari ya fito daga cikinsu, sai su riƙa zubar da wani furotin a jini fiye da kima. Wanda ya iya auna furotin ɗin nan a jinin mara lafiya zai san ya kamata a tura shi ɗaukar hoto. Gwajin yana nan a duniya, amma irin su Inna ba sa kai gare shi. Burin Yaya shi ne ya haɗa irinsa a nan gida, mai sauƙi, wanda ƙaramin asibiti zai iya yi.

To, ba a awo sai da ma'auni. Mahauci yana da dutsen sikelinsa wanda kowa ya yarda da nauyinsa. Shi ma Yaya yana buƙatar wannan furotin ɗin tsantsa, wanda aka san adadinsa daidai, don ya gwada jinin mutane da shi. Kuma ba daga jikin mutum ake tatso shi ba. Masana ne suke ɗaukar guntun ƙwayar gadon ɗan Adam mai ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗin, su dasa shi a cikin bakteriya, su yi kiwonsu, su kuma su yi ta ƙera shi ba dare ba rana. Sai a tace, a busar, a zuba a 'yar kwalba a aiko daga ƙasar waje, da rubutu a jiki cewa na bincike ne kawai, ba magani ba ne. Da ya gama bayanin na ce masa, wato an mayar da ƙwayoyin cuta 'yan ƙodago. Ya ce ai gara su da wasu ma'aikatan, ba sa zuwa latti.

Watanni ya yi yana jiran kwalbar. Ranar da ta iso ya nuna mini hotonta a wayarsa, bakinsa har kunne. Na duba, na sake dubawa. Kwalba ce da ba ta kai ɗan ƙaramin yatsana ba, kuma a idona babu komai a ciki. Na ce, Yaya, an damfare ka. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini wani ɗan farin dishi-dishi a gindinta. Sunan abin na Turanci ne mai tsawo, duk lokacin da na gwada faɗa sai harshena ya harɗe, don haka na raɗa masa garin Yaya, kuma sunan ya bi shi a gidanmu.

Yana da ƙa'ida a kan garin nan wadda ya maimaita mini har na haddace. Sau ɗaya ake jiƙa shi, a rarraba a ƙananan robobi masu murfi, a daskarar. In za a yi aiki a ciro ɗaya, ta narke, a yi amfani da ita, a jefar da ragowar. Wadda ta narke ba ta komawa cikin ƙanƙara, domin zafi yana lalata furotin ɗin ba tare da kamanninsa sun canza ba. Sannan duk inda robobin suke akwai takarda a kusa, wadda ake rubuta ranar da aka buɗe, da wanda ya buɗe, da tsawon lokacin da abu ya yi a waje. Haka halinsa yake a komai. Mutumin da yake rubuta ranar da aka sauya tukunyar gas a jikin bango ne, kuma mun sha yi masa tsiya a kan haka. A littafin aikinsa ba ya goge kuskure. Layi ɗaya yake ja a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ya rubuta gyaran a gefe ya sa hannu.

Sai Babbar Sallah ta zo da dogon hutu. A wurin aikinsu ba su da tabbacin janareta zai yi ta aiki duk kwanakin, shi kuma yana da firiza a gida mai aiki da sola, na farko a layinmu a lokacin. Ya nemi izini, ya jera robobin a cikin gwangwanin madara, ya kawo su cikin ƙanƙara ya sa a kusurwar firizan. Ya manna takardarsa a kan murfin firizan, ya ɗaura biro da zare. Washegarin Sallah da safe shi da matarsa suka shirya zuwa Izom wajen surukansa, za su kwana biyu. Yana bakin ƙofa ya juyo ya ce mini:

"Jummai, ga amana nan. Nama ku sa, ku cire, ba komai. Gwangwanin nan dai kar a ɗaga shi."

Na ce masa ya tafi kawai, sai ka ce yau ya fara barin mini gida.

Duk wanda ya san garinmu ya san yadda rana ta biyu take. Ranar Sallah a yanka a rataye, washegari a sauke a yi ta daddatsawa, a fitar da rabon 'yan uwa da maƙwabta, har da 'yan haya Kiristoci da muke katanga ɗaya da su, waɗanda su ma ba sa manta mu ranar Kirsimeti. Abin da ba za a soya ranar ba sai a nema masa sanyi. Kuma firiza ɗaya ne a layin wanda ba ruwansa da ɗauke wuta. Tun da hantsi ledoji suka fara shigowa, kowace da sunan mai ita. Ba a cewa a'a a irin wannan rana. Na yi ta dannawa har murfin ya fara ƙin rufuwa.

Ana haka sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, da kasonta na saniyar da suka yi watanda, cike da baho. Gwaggo mace ce da ko Baba yana raye ba ya ja da ita. Ta buɗe firizan da kanta, ta leƙa, ta nuna kusurwa da baki.

"Wannan gwangwanin madarar fa, me yake yi a nan?"

"Na Yaya ne, Gwaggo. Kayan aikinsa ne, ya ce kar a taɓa."

"Kayan aiki a gwangwanin madara? Ke dai fitar da shi na ɗan lokaci, in an kwashe na suya ki mayar. Ko so kike namana ya yi wari a gidan ɗan'uwana?"

Da na tsaya na ce mata a'a, da ta yi fushi na mako ɗaya ta huce. Amma kunya ta hana ni, ga mata cike da tsakar gida suna kallo. Na ce a raina ai awa ɗaya ba za ta yi komai ba. Na ciro gwangwanin da hannuna, na kai shi sito na ɗora a kan kanta bayan buhun shinkafa don kar yara su gani. Daga nan suya ta kankama, baƙi suka yi ta shigowa, rabo ya yi ta fita. Ban sake tunawa da shi ba sai safiyar ranar da Yaya zai dawo, ina shara, idona ya faɗa kan takardar da ke murfin firiza. Na yar da tsintsiyar na nufi sito.

Sitonmu rufin kwano ne, ba silin, da rana ko minti biyar ba ka iya yi a ciki. Na buɗe gwangwanin na tarar robobin sun narke, har ɗumi suke yi. Na ɗaga ɗaya a haske. Ruwa ne garai-garai, ba wari, ba canjin launi. Sai zuciyata ta ce mini ai lafiyarsu ƙalau, Yaya ne dai da tsananinsa. Na mayar da su kusurwarsu. Kafin la'asar sun daskare kamar ba abin da ya faru. Na tsaya a gaban takardar nan, biron yana lilo a zarensa, na san sarai abin da ya kamata in rubuta, na juya na tafi.

Da ya dawo ko takalmi bai cire ba ya nufi firiza. Ya duba gwangwanin, ya duba takardar, ya tambaye ni ko an taɓa. Na ce a'a. Ni da nake sa ɗalibi ya durƙusa a rana in ya yi mini ƙarya a kan aikin gida, na dubi idon yayana na ce masa a'a. Ya ce madalla, ya shiga ciki. Bai sake dubawa ba, domin a saninsa ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na fahimce shi sosai. In aka fafe dutsen sikeli ya rage nauyi, duk naman da aka ɗora zai nuna ya fi yadda yake. Haka gwajin Yaya ya koma. Ma'auninsa ya raunana bai sani ba, sai jinin masu lafiya ya riƙa nuna furotin ɗin ya yi yawa. Cikin masu lafiyar da ya ɗebi jininsu don kwatance har da ni. Wata ranar Asabar ya shigo sashena ya zauna a bakin gado, abin da ba ya yi, ya ce in shirya ranar Litinin za mu je a ɗauke ni hoto. Ya ce irin ciwon Inna wani lokaci yana bin jini, kuma sakamakona bai yi masa daɗi ba.

A motar zuwa Abuja yana ta kwantar mini da hankali, yana cewa ko ma akwai shi an gano da wuri, ba za a maimaita na Inna ba. Ina zaune kusa da shi, maganar tana bakina, na kasa. Da a ranar farko na faɗa, faɗa kawai zai yi mini ya wuce. Amma yanzu ta yaya zan ce masa tsoron da ya hana shi cin abinci kwana biyu ni na jawo shi? Kowace rana da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi.

Hoto ya fito, ba komai. A nan barandar asibitin, a gaban mutane, Yaya ya kai goshinsa ƙasa ya yi sujadar godiya. A hanyar dawowa kuma, da muka kusa shiga gari, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Alhamdu lillahi, ke lafiyarki ƙalau. Ashe gwajin ne ba shi da lafiya." Can kuma ya ce, "Jummai, kin tabbata lokacin Sallah ba wanda ya fitar da gwangwanin nan?"

Na ce na tabbata. Wannan ta biyun ita ce ta fi ci mini rai har yau, domin ƙofa ya buɗe mini da kansa na rufe.

Tun da ya cire ma'auni daga zargi, sai ya koma zargin komai. Ya sauya ruwan da yake haɗi da shi, ya sa aka duba na'urorinsa, ya sake aikin daga farko ban san sau nawa ba. Daga ƙarshe ya fara zargin hannunsa. Ya nemi a sayo sabuwar kwalba, kwamitin da ke duba ayyukan bincike a wurinsu ya ce sakamakon da ke ƙasa bai nuna hanyar za ta ɓulle ba, aka rufe maganar. Ban ga laifinsu ba, abin da aka ajiye a gabansu suka duba. Shi dai bai saduda ba, yana cikin rubuta wata takardar neman a sake ba shi dama. Ranar da ya rasu ma daga Lambata yake dawowa, inda ya je ganin ma'aikatan wani ƙaramin asibiti da suke taya shi tara jinin gwaji, don kar su yanke ƙauna su watse. Motarsu ta yi haɗari a hanya. Aka kawo mana shi da azahar.

Na kan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga Suleja ta yau. Yanzu kusan kowane rufi a layinmu da farantin sola, ba mai ɗauko bahon nama ya nufi gidan wani. Na san da zai yi murmushi ya ce an huta. Da zai yi mitar cunkoson hanyar Abuja da ya ninka, da gidajen haya da suka cinye filin da muke wasa muna yara. An ce mini a wurin aikinsu yanzu akwai firizan da in sanyinsa ya ragu yake aika saƙo a waya. Wannan kam da ya burge shi, amma na san abin da zai ƙara da shi: na'ura za ta gaya maka wuta ta ɗauke, ba za ta gaya maka wani ya sa hannu ya ciro abu ya mayar ba. Kuma na san abin da zai ɓata masa rai. Har yau akwai mata irin Inna a garin nan da ƙauyukan Gurara, masu ciwon kai da zufa da bugun zuciya, ana ce musu iska ce.

Akwai abokiyar aikinsa, Rifkatu, wadda suka yi shekaru suna aiki a kan bencin gwaji ɗaya. Ita ma a nan Suleja take haya. Tun rasuwarsa ba ta yanke zumunci ba, muna kai mata nama da Sallah, tana kawo mana shinkafa da kaza da Kirsimeti. Yanzu ita ce shugabar ɗakin gwaje-gwajen. Watannin baya ta zo gidan da littattafan aikin Yaya a cikin kwali, ta ce ana gyaran ma'ajiya, ta ga iyalinsa sun fi cancanta da su. Muna zaune a tsakar gida ta ce mini ta so ta farfaɗo da aikin, amma duk lokacin da ta ɗaga maganar sai a ciro tsohon rahoto a ce an gwada bai yi ba.

"Abin yana damuna, Anti," in ji ta. "Oga Mamuda ba ya aikin ganganci. Na bi littafin nan layi-layi, ban ga inda ya kuskure ba. Amma dubi abin da ya rubuta."

Ta buɗe shafin ƙarshe ta miƙo mini. Rubutunsa ne, ƙanana a tsaye kamar yadda na san shi: "Ma'auni lafiya yake, an tabbatar mini ba a taɓa shi ba. Kuskuren daga hannuna ne." A tsakanin shafukan kuma ga takardar nan ta murfin firiza a ninke, da sauran gam a kusurwoyinta. Layin ranar da ya kawo gwangwanin yana nan, layin ranar da ya mayar da shi wurin aiki yana nan. Tsakaninsu fili.

Shekara tara ina gaya wa kaina cewa magana ta wuce, mai ita ya tafi, faɗarta ba za ta dawo da kowa ba. Ranar na ga ƙaryata ba ta mutu tare da shi ba. Tana nan da rai a cikin fayil, tana aiki, tana hana a buɗe ƙofar da ya mutu yana ƙwanƙwasawa. Na rufe littafin na faɗa wa Rifkatu komai, tun daga bahon Gwaggo har zuwa barandar asibiti.

Idonta ya kawo ruwa, kuma na ga ɓacin rai a fuskarta ƙarara, ba ta ɓoye mini ba. Na zaci za ta tashi ta tafi. Sai ta jawo jakarta ta ciro biro.

"Kwana nawa ya yi a waje?"

"Biyu."

"A ina? Nuna mini wurin."

Na kai ta siton. Ta tsaya a ciki tana kallon kwanon rufin, zufa tana tsattsafo mata. Ta ce tana da sabon furotin irin wannan da suka sayo don wani aiki, za ta iya ware robobi biyu. Ɗaya za ta zauna a ƙanƙara. Ɗaya kuma ni zan kawo ta nan in ɗora a inda na ɗora wancan, ta kwana biyu, a sake daskarar da ita. Sannan ta haɗa gwajin daidai yadda Yaya ya rubuta, ta auna jini ɗaya da kowanne ma'auni.

Haka aka yi. Na sa 'yar robar a gwangwanin madara, na ɗora a kan kantar nan bayan buhun shinkafa, wannan karon da sanina, ina rubuta lokaci. Jinin da aka auna nawa ne, ni na ce a ɗiba. Bayan mako biyu Rifkatu ta zo da takardu biyu ta shimfiɗa a kan tabarma kusa da littafin Yaya. Da ma'aunin da ya kwana a sito, sakamakon jinina ya hau sama, kusa da abin da Yaya ya gani har ya firgita. Da ma'aunin da bai bar ƙanƙara ba, sakamakon ya zauna inda na mai lafiya yake zama. Ta ɗora yatsa a kan ta biyun ta ce, "Aikinsa yana yi, Anti. Tun farko yana yi." Ta ja mini kunne cewa wannan mafari ne kawai, sai an maimaita da jinin mutane da yawa kafin a ce an kai ga wani abu. Na ce na ji. Amma na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar jana'iza.

Ba a kyauta na fita ba. Na je na faɗa wa matarsa da bakina, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ita ta ga daren da bai yi barci ba da ramar da ya yi, tana da hakkin ta yi fushi, ba zan matsa mata ba. Gwaggo Asabe ta riga mu gidan gaskiya, kuma ba na ɗora mata komai. Nama ta kawo, kamar yadda kowa ya kawo. Ni aka ba amana. Fitar da gwangwanin kuskure ne irin wanda kowace mace a layinmu za ta iya yi a ranar. Shirun da ya biyo baya kuwa nawa ne ni kaɗai.

Kwamitin nan zai sake zama a kan maganar, Rifkatu ta shigar da buƙata. Ta ce takardun sun isa, ba sai na je ba. Na ce mata zan je. Zan sa mayafina in bi motar hayar da Yaya yake bi, in tsaya a gaban mutanen da ban sani ba, masu digiri bisa digiri, in gaya musu cewa rahoton da suke riƙe da shi ba a kan aikin Mamuda aka gina shi ba, a kan ƙaryar ƙanwarsa ne. In sun buɗe aikin, alhamdu lillahi. In sun ƙi, za mu sake komawa. Shi ma bai daina komawa ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya bayan shekara tara, ba zan ce gida ko suna ba, don bai tara ba. Littattafan nan ne suka rage. Saboda bai taɓa goge komai ba, bai taɓa gyara lamba don ta yi kyau ba, shi ya sa wata ta iya ɗaukar aikinsa bayan shekaru ta bi sawunsa taki-taki ta tarar da shi daidai. Ko sakamakon da ya kunyata shi ya rubuta yadda ya fito, kuma shi ne yau ya zama shaidarsa. Wuri ɗaya ne kawai a duk littafin ya rubuta abin da ba gaskiya ba, shi ma don ya yarda da ni ne. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Inna a Aljanna, Ya sa ya yafe mini.

Kafin Rifkatu ta tafi da littafin don ta haɗa da takardun kwamiti, na roƙe ta biro. Na warware takardar murfin firizan, a filin nan da ke tsakanin layukansa biyu na rubuta: "Washegarin Sallah da hantsi, Jummai ta fitar. Kwana biyu a sito. Ta mayar, ba ta faɗa ba." Sannan na buɗe shafin ƙarshe, inda ya ce kuskuren daga hannunsa ne. Na dubi Rifkatu, ta gyaɗa kai. Na ja layi ɗaya a kan maganar, siriri, yadda kowa zai iya karanta abin da ke ƙasa, kamar yadda ya koya mana. A gefe na rubuta, "Hannunka lafiyarsa ƙalau, Yaya," na sa hannu.